Fadan da Ya Karanci Sanusi: Joseph Kenny da Koyar da Falsafa a Nijeriya

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure, a Abakpa ta Kaduna ne ko a Madabo ta Kano, ya san jerin littattafan fiƙihu kamar yadda ya san sunayen 'yan gidansu: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sannan Risala, kafin a kai ga Askari da Muhtasar. A kan Risala ne ɗalibi yake fara jin ƙanshin malanta a jikinsa. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, shi ya wallafa ta, kuma sama da shekara dubu ke nan ana biya ta a ƙasashen Malikiyya.

A 1992 aka buga wata fassararta ta Turanci mai ɗauke da sharhi a Minna. Cibiyar Islamic Education Trust ce ta buga, wadda Sheikh Ahmed Lemu da Hajiya Aisha Lemu suke cikin waɗanda suka kafa ta a 1969 domin ilimi da da'awa. Mai fassarar kuwa sunansa Joseph Kenny, Ba'amurke, limamin Cocin Katolika, malamin falsafa da nazarin addinai a Ibadan. Kafin a kai ga ranar da cibiyar da'awa za ta ɗora sunanta a kan aikin Fada, an yi tafiya ta kusan shekara talatin, kuma a ƙasar Hausa aka fara ta.

An haifi Kenny a Shikago a 1936. Yana saurayi ya shiga ɗariƙar Dominikan, ɗaya daga cikin tsofaffin ɗariƙun Katolika, wadda Fafaroma ya amince da kafuwarta a 1216. Sunanta na asali Ɗariƙar Masu Wa'azi, kuma tun farko ta ɗauki karatu a matsayin ibada. Babban malaminta shi ne Tomas Akwinas, wanda ya koyar a Faris ya kuma rasu a 1274. A 1879 Fafaroma Liyo na Goma Sha Uku ya yi umarni da a mayar da falsafar Akwinas ginshiƙin karatu a makarantun coci, saboda haka duk matashin da ya shiga gidan horon ɗariƙar a River Forest, kusa da Shikago, a shekarun 1950, sai ya share shekaru yana karatun manɗiƙi da falsafar ɗabi'ar halitta da ilimin samuwa kafin a bar shi ya taɓa tauhidi.

Wannan tsari yana da tsohon tushe. Makarantun Turai na tsakiyar zamani sun gina karatunsu a kan fannoni bakwai. Uku na harshe ne da tunani: nahawu, balaga, manɗiƙi. Huɗu na ƙidaya ne: lissafi, handasa, kiɗa, ilimin taurari. Kwalejojin Katolika na Amurka da ke alfahari da ba da ilimi mai faɗi, wanda ba na sana'a ɗaya ba, daga nan suka gaji manufarsu. Malamin zaure da ya ji wannan jeri ba zai ga baƙon abu ba, domin shi ma nahawu da balaga da manɗiƙi da hisabi ya sani a matsayin ilimin kayan aiki, waɗanda ake riƙe wa kafin a shiga tafsiri da usulu. Kamar ba ta tsaya a nan ba. Wanda ya buɗe littattafan Akwinas zai yi ta cin karo da Ibn Sina da Algazali, kuma in Akwinas ya ce “Mai Sharhi” ba tare da suna ba, Ibn Rushd yake nufi, don ta hanyar sharhinsa ne Turai ta fahimci Aristotal. Ɗalibin Akwinas, ko ya sani ko bai sani ba, jikan malaman Bagadaza da Ƙurɗuba ne ta wajen karatu.

'Yan Dominikan na lardin Shikago sun iso Nijeriya a 1951, suka sauka a Yaba ta Legas. A 1953 aka ba su yankin Sakkwato, suka yi mazauni a Gusau. Wuri ne da mishan bai taɓa yin ƙarfi ba. Tun alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautu, sai a Sabon Gari da asibitocin kutare da wasu ƙauyukan Maguzawa. Mabiyan cocin a Gusau da Sakkwato da Funtuwa galibinsu 'yan kudu ne, ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa. A 1964 aka ɗaga yankin ya zama dayosis, Edward Lawton ya zama bishof na farko, kuma a shekarar ce Kenny ya iso, shekara guda bayan naɗa shi limami. Aikin da aka keɓe masa shi ne ya san Musulunci sani na ilimi. Ya fara da koyon Hausa.

Lokacin ya dace da wani sauyi a Rum. Babban taron bishof-bishof na Batikan na Biyu yana gudana, kuma a ranar 28 ga Oktoba 1965 ya fitar da sanarwar da ta ce coci tana duban Musulmi da girmamawa, ta kuma nemi a bar gabar da ta wuce. A Arewa kuwa iskar wata ce daban. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, Sardauna yana rangadin musuluntarwa a lardunan da mishan yake ganin gonarsa ce, kowane ɓangare yana duban ɗayan da ido ɗaya. Sai ga 15 ga Janairu 1966. Manjo Chukwuma Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin da aka kashe Sardauna, tsohon ɗalibin St. John's College ne, makarantar Katolika da ke arewacin kogin Kaduna, wadda gwamnati ta karɓe daga baya ta koma Kwalejin Rimi. Kashe-kashen da suka biyo baya a watannin Mayu da Satumba sun kori 'yan kabilar Ibo daga garuruwan Arewa, coci-cocin dayosis ɗin Sakkwato suka wayi gari kusan babu kowa. A watan Disamba Bishof Lawton ya rasu. A irin wannan yanayi, mutum ya ce zai zauna ya karanci aƙidar maƙwabcinsa don ya fahimce ta, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba kowa ne zai yarda da niyyarsa ba, a cikin cocin ko a wajenta.

Kenny ya tafi Rum da Tunisiya ya koyi Larabci, sannan ya wuce Jami'ar Edinbara, inda ya yi digirin digirgir a hannun William Montgomery Watt, marubucin nan na tarihin Annabi (SAW) a Makka da Madina. Ya kammala a 1970. Abin da ya zaɓa ya yi bincike a kai shi ne ya nuna cewa zamansa na Arewa bai tafi a banza ba. Yawancin Turawa masu nazarin tunanin Musulunci a lokacin sun fi karkata ga manyan sunayen Gabas, kuma suna ɗaukar duk abin da aka rubuta bayan Ibn Rushd a matsayin maimaici. Shi kuwa ya ɗauki Muhammad bin Yusuf Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya mai da hankali ga littafinsa Aƙidatul Wusɗa.

Sanusi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ya rubuta aƙida a matakai, babba da matsakaiciya da ƙarama, kuma ƙaramar, wadda aka fi sani da Ummul Barahina, ta zama littafin tauhidi na Afirka ta Yamma baki ɗaya. Siffofi ashirin da yara suke haddacewa, samuwa da dadewa da wanzuwa da saɓa wa fararru har zuwa ƙarshensu, tsarinsa ne. Fulani sun yi mata sharhi da Fulatanci, wanda ake kira kabbe. Abin lura a littafin shi ne inda ya fara. Kafin ya ambaci siffa ko ɗaya ta Ubangiji, sai da ya raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, wanda hankali ba ya ɗaukar rashinsa, mustahili, wanda hankali ba ya ɗaukar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duka suna yiwuwa. Wannan darasin falsafa ne tsantsa, irin wanda ake fara koya wa ɗaliban jami'a a yau da sunaye na Turanci, amma a nan an sa shi a bakin yaro mai allo. A kansa Sanusi ya gina hujjarsa: duniya tana sauyawa, abin da ba ya rabuwa da sauyi fararre ne, fararre kuwa ba ya fifita samuwarsa a kan rashinsa da kansa, dole sai da mai fifitawa.

Sanusi ya tsananta a kan cewa imani yana bukatar hujja, har ya sa alamar tambaya a kan imanin mai koyi da iyaye kawai. Wannan ra'ayi ya haifi rigima a ƙasar Hausa. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an sami wasu ɗalibai da suke tare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja irin ta malaman kalamu su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a aurar masa. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana rusa wannan tsanani, yana kare imanin gama-garin mutane, ba tare da ya jefar da ilimin kansa ba. Wato tambayar da ta fi kowace wahala a falsafar addini, matsayin hankali a gaban wahayi, an yi ta a Gobir da Zamfara da zafinta, har ta shafi aure da yanka. Kenny ya gane cewa wanda yake son ya san yadda malamin Sakkwato yake tunani, ta ƙofar Sanusi zai shiga.

A nan ne kuma karatunsa biyu suka haɗu, suka kuma yi karo. Akwinas da Sanusi sun yarda cewa hankali shi kaɗai yana iya kai mutum ga sanin akwai Mahalicci ɗaya, marar farko, marar kama. Amma sun rabu a wurare biyu masu nauyi. Na farko, Sanusi, kamar sauran Ash'ariyya, ya dogara ga tabbatar da cewa duniya tana da mafari. Akwinas ya yi imani da hakan ta hanyar wahayi, amma ya ce hankali ba zai iya tabbatar da shi ba, don haka ya gina hujjojinsa ta yadda za su tsaya ko da an ƙaddara duniya ba ta da farko, hanyar da ta fi kusa da ta Ibn Sina. Na biyu shi ne batun sababi. A wurin Ash'ariyya wuta ba ta ƙonewa da kanta, wuƙa ba ta yanka, abinci ba ya ƙosarwa. Allah ne yake halittar ƙuna a lokacin da wuta ta haɗu da auduga, haɗuwar tasu al'ada ce da Ya gudanar, in Ya so Ya saɓa mata. Algazali, wanda ya rasu a 1111, ya kare wannan matsayi, Ibn Rushd ya mayar masa da martani cewa wanda ya kore sababi ya kore ilimi. Akwinas ya bi bayan Ibn Rushd a nan, yana ganin cewa ba wa halitta ikon yin tasiri na gaske ƙarin girma ne ga Mahaliccinta.

Wannan saɓani ba na cikin littafi kaɗai ba ne. Likitan da yake bayyana wa iyali dalilin mutuwar majiyyaci, da injiniyan da ake tambaya me ya sa gada ta rufta, da mai bincike kan hatsarin mota, duk suna tsaye a kan wata amsa ga tambayar sababi, ko sun taɓa jin sunan Sanusi ko ba su taɓa ba. Adalci kuma shi ne a ce Ash'ariyya ba su hana bincike ba, tun da al'adar da Allah Ya gudanar abar nazari ce, kuma malamansu sun yi lissafi da falaki da likitanci. Amma inda aka rasa malamin da zai warware bambancin, sai maganar ta koma “haka Allah Ya so” a wurin da ya kamata a tambayi wanda ya yi sakaci.

A 1979 Kenny ya shiga Jami'ar Ibadan, sashen nazarin addinai, wanda daban yake da sashen Larabci da nazarin Musulunci. Ya koyar a can har 2001, ya kai matsayin farfesa. A gefe guda yana koyarwa a Dominican Institute da ke Samonda, makarantar da ɗariƙarsa ta kafa don horar da matasanta, wadda daga baya ta ƙulla alaƙa da Jami'ar Ibadan tana ba da digiri a falsafa. Irin ɗaliban da suke zama a gabansa, waɗanda da yawansu za su zama limaman coci a garuruwan da Musulmi suka fi yawa, su ne suka ji sunayen Alkindi da Alfarabi da Ibn Sina daga bakinsa. 'Yan'uwansa na ɗariƙa suna kiransa Alhaji, laƙabin da ya haɗa zolaya da yabo.

Rubuce-rubucensa sun bi hanyoyi da yawa. Ya rubuta tarihin Cocin Katolika a Afirka daga 1445 zuwa 1850, zamanin da ya ƙunshi labarin wasu limamai biyu 'yan ɗariƙar Faransiskan da suka taso daga Tarabulus suka ratsa Agadas, ajali ya same su a Katsina a 1711. Ya rubuta tarihin yaɗuwar Musulunci daga Arewacin Afirka zuwa Yammacinta. A 1999 ya fitar da Christian-Islamic Preambles of Faith, inda ya gwada shimfiɗa abubuwan da Musulmi da Kirista za su iya tabbatarwa tare da hujjar hankali kafin kowa ya buɗe littafinsa, a 2003 kuma Philosophy of the Muslim World. Ya kuma tattara ayyukan Akwinas da Latin da Turanci gefe da gefe ya zuba a intanet kyauta, aikin da ɗalibai a ƙasashe da yawa suka amfana da shi ba tare da sun san daga Ibadan ya fito ba.

Kuskure ne a ɗauke shi ɗan ba-ruwanmu. Kenny limamin coci ne har ya mutu, kuma bai ɓoye ba. A 1996 ya buga fassarar wata risalar Akwinas da ke amsa sukar da Musulmi suke yi wa aƙidar Kirista, kuma a shekarar ya buga maƙala a kan Shari'a da Kiristanci da matsayin gwamnati a Nijeriya, inda damuwarsa ta Kirista take a fili. Musulmin da ya karanta shi zai sami wuraren da ba zai yarda da shi ba, wasu ma za su ɓata masa rai. Akwai kuma tsohuwar tambaya da ba ta rasa dalili: ilimin da mishan yake tarawa a kan Musulunci, na fahimta ne ko na shiri? Ɗariƙar Dominikan ta buɗe makarantun Larabci tun ƙarni na 13, kuma manufarsu a lokacin wa'azi ce. Abin da za a iya cewa game da Kenny shi ne ya karanta littattafan da harshensu, ya kawo hujjar abokin jayayya da ƙarfinta kafin ya amsa, har masu littafin suka ga fassararsa ta isa su buga ta da sunan cibiyarsu. A ƙasar da yawancin muhawarar addini ake yin ta da lasifika, kowa yana faɗin abin da ɗayan bai ce ba, wannan ma'auni ne da mutane kaɗan suka cika a kowane ɓangare.

Kaduna ta ga yadda rashin irin wannan aiki yake. A ranar 14 ga Fabrairu 1982 Fafaroma John Paul na Biyu ya zo garin, ya yi taron addu'a da dubban mabiya, an kuma shirya zai gana da shugabannin Musulmi. Ganawar ba ta yiwu ba. Jawabin da ya shirya musu sai a filin jirgin sama ya karanta shi, a gaban Gwamna Abba Musa Rimi da jami'an gwamnati. Shekara biyar bayan haka rikicin Kafanchan ya ɓarke, daga wata kwalejin horar da malamai, a kan abin da wani mai wa'azi ya faɗa game da addinin wasu.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi shafar Musulmin Arewa fiye da coci. Ilimin da Kenny ya tarar a 1964 yana da tsohuwar daraja a nan. Magili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar a kan manɗiƙi, Suyuɗi yana haramtawa, Magili yana karewa. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubutu a kan falsafa da samuwa, kuma Heinrich Barth, da ya sadu da shi a 1853, ya lissafa shi a sahun gaba na masanan ƙasar. Amma daga shekarun 1970 zuwa yau, sabon salon karatun aƙida da ya yi ƙarfi a makarantun Islamiyya yana kallon ilimin kalamu da manɗiƙi da zargi, kalmar falsafa kuma a bakin mutane da yawa ta zama kusa da zindiƙanci. Jami'o'in kudu, irin su Nsukka da Legas da Ife da Ibadan, sun riga na Arewa buɗe sassan falsafa da shekaru masu yawa. Wurin da aka daɗe ana koyar da ita ba yankewa a Arewa shi ne makarantun horar da limaman Katolika, kamar St. Augustine ta Jos da aka buɗe a 1967. Sakamakon yana da ban mamaki: ana iya samun matashin Fada daga Zangon Kataf da ya yi jarrabawa a kan hujjar Ibn Sina, alhali lauya ko likita Musulmi daga Zariya bai haɗu da ita ba sai a darasin gama-gari na zango ɗaya a shekarar farko ta jami'a, in ma an ambace ta.

Kenny ya ci gaba da koyarwa a Samonda bayan ya bar jami'a. Ya yi kusan shekara arba'in da tara yana aikin Nijeriya. Ya rasu a Amurka ranar 28 ga Janairu 2013, ranar da Cocin Katolika take tunawa da Tomas Akwinas a kowace shekara. A 2016 gwamnatin tarayya ta ba ɗariƙarsa lasisin buɗe Dominican University a Ibadan, kuma falsafa tana cikin fannonin da aka fara da su.